Tampol ya yage a tafiya ta uku: wa ke biya?

Bara, gab da saukar damana, ƙungiyarmu ta fidda jika 35 daga asusu muka sayi babban tampol. Da shi muke son rufe buhunan wake da gero in za a kai kasuwa a amalanke ko a bayan mota. Mai butikin ya bugi ƙirji ya ce mani: "Hajiya, wannan sai kun gaji da shi." A tafiya ta uku, tun ba a kai rabin hanya ba, zobban da ake zura igiya suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Iska ta shiga ƙarƙashi, tampol ya tsage gida biyu. Hadari ya taso, buhu huɗu na wake suka jiƙe sharkaf.

Da na koma wurin mai butikin, abin da ya fara tambaya shi ne takardar saye. Babu. Ya ce ai direba ne bai iya ɗauri ba. Haka na dawo hannu rabbana. Ranar zubi, wata uwarmu ta dube ni ta ce: "Ke da kika yi karatun yaƙi da jahilci, ina amfanin alƙalamin naki?" Ban ji daɗi ba, amma gaskiyarta. Kuɗin nan dala-dala mata 28 suka tara su.

Tun daga ranar na shiga tambayar direbobi da masu ɗinkin tampol, kuma ga abin da na samo.

Tampol iri-iri ne. Akwai mara nauyi na zaren roba da aka saƙa, mai kama da buhu, akwai kuma mai kauri irin na manyan motoci. Ana auna su da giram a kowace mita murabba'i, wani lokaci a rubuce yake jikin ledar. Mai giram 100 ko ƙasa da haka na shanya ne da rufe kaya a gida. Na manyan motoci yakan kai giram 600 ko fiye. Namu na shanya ne aka sayar mana a matsayin na tafiya.

Abu uku ke kashe tampol a ƙasarmu. Rana tana cinye roba har ta bushe ta riƙa marmashewa, balle zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Iska kuma, in ɗauri ya yi sako-sako, tana kaɗa shi har bakin ya saki. Na uku, gogar ƙarfen mota ko kusurwar amalanke. In mu ne muka bar shi wata uku a rana, ko muka naɗe shi da danshi, laifinmu ne. Amma in ɗinki ya warware a satin farko, ko ruwa ya ratsa sabon tampol, ko an ce maku na mota ne alhali ba shi ba ne, wannan aibi ne, kuma mai saye na da hakki.

Hakkin nan ba baƙo ba ne gare mu. Malamanmu na karantar da shi a babin ciniki: bai halatta mai sayarwa ya ɓoye aibin kayansa ba, kuma wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana iya maida kaya ya karɓi kuɗinsa. A gefen hukuma, Nijar na da dokar kare masu saye tun 2015. Akwai kuma dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita tare da ƙasashe kamar Benin da Cadi. A cinikin da ke tsakanin ƴan kasuwa, ta ba mai saye wata ɗaya daga ranar da ya karɓi kaya ya sanar da aibin da ido ke gani. Aibin da ke ɓoye kuwa, yana da shekara ɗaya daga lokacin da ya gano shi don ya kai ƙara. Darasin a fili yake: wadda ta yi jinkiri ita ke asara.

Ga ƙa'idar da muka rubuta a littafin ƙungiya, ko za ta amfane ku. Mutum biyu ke zuwa sayayya, ɗaya daga cikinsu mai iya rubutu. A faɗa wa mai kaya aikin da za a yi da shi a gaban shaida. A buɗe tampol gaba ɗaya nan take, a ɗaga shi sama: in haske na ratsawa ta ƙananan huji, ruwa ma zai ratsa. A ja zobban da hannu, a duba ko bakin ninki biyu ne da igiya a ciki. Sannan a karɓi takarda mai kwanan wata, da girma, da farashi, da sa hannun mai butiki, a ƙara layi ɗaya: in an ga aibi cikin kwana kaza za a canza. Wanda ya ƙi rubuta wannan layin ya riga ya gaya maku irin kayansa.

In matsala ta taso, kar a kai wa mai ɗinki tukuna. A ɗauki hoto da salula, a koma da kaya da takarda a ranar ko washegari, a yi magana cikin mutunci. In ya ƙi, sai wurin sarkin kasuwa ko shugaban ƴan kasuwar layin. In can ma ba a daidaita ba, akwai ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha da ƙungiyoyin kare masu saye.

Bana mun sake saye, mai kauri, kusan ninki biyu na kuɗin wancan. Araha ba ta ado. Zobe ɗaya ya fita a rana ta biyar. Ma'ajiyarmu ta ɗauki takarda ta koma, kafin la'asar ta dawo da sabo. Wannan ƙa'ida ba ta tampol kaɗai ba ce, ƴan uwa. Haka za ku yi in za ku sayi injin niƙa, keken ɗinki, kujerun haya ko fanon sola. Takardar nan ku adana ta cikin akwatin asusu, tare da littafin zubi.