Zanen Mota Da Huda Rufinta

Bara, sa'ad da aka rarraba mu makarantun firamare na cikin garin Keffi domin gwajin koyarwa, ni aji uku aka ba ni. Ran nan darasinmu a kan hanyoyin sufuri ne. Na ɗauki alli na zana mota a babban allo, na juyo na ce, "Yara, mene ne wannan?" Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, burodi ne bisa duwatsun murhu." Yara suka fashe da dariya, malamin da ya zo duba ni kuwa ya sunkuyar da kai yana ta rubutu. Ba sai na faɗi abin da ya rubuta ba. Na san da yawa cikin 'yan'uwana ɗalibai hannunsu bai fi nawa ba, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana yadda na yi na gyara, da kuma wani abin da ya biyo baya wanda ban yi tsammani ba.

Mu a Keffi ba mu da hujjar rashin abin koyi, gama babbar hanyar da ta taso daga Abuja zuwa Akwanga ta nan ta ratsa, motocin Jos da na Lafiya da na Makurɗi duk a gabanmu su ke wucewa. Sai na mai da tasha makarantata. Kowace Asabar in ɗauki fensir da takarda in je in zauna kusa da mai shayi. Da fari 'yan kamasho sun ɗauka lambobin motoci na ke rubutawa in kai ƙara, sai da suka ga zanen hankalinsu ya kwanta, don sun ce ba mai iya gane motarsa a ciki.

Abu na farko da na gane shi ne, dā ba mota na ke zanawa ba, abin da na ke zato ita ce mota na ke zanawa. Kusan dukanmu mukan yi tayoyi ƙanana, mu rataye su ƙarƙashin wani dogon akwati. To, taya ita ce mudun da a ke auna mota duka da shi. Akwai wata tsohuwar Fijo 504 da ke jigilar kaya a tashar, na roƙi direbanta ya bar ni in auna. Irin wannan mota a 1968 ta fara fitowa a Faransa, masu zane na gidan Pininfarina a Italiya su suka tsara siffarta, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Fijo ta Kaduna wadda aka buɗe a 1975. Watau ita ma a takarda aka fara ta. Tsayin tayarta wajen inci 25 ne, tsawon motar inci 177, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi wajen inci 57, daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya kuma inci 108. In ka raba sai ka ga tsawon mota taya bakwai ne, tsayinta taya biyu da kwata, filin da ke tsakanin tayoyin nan biyu kuwa ya ɗauki taya uku da ɗan ɗori. Yawancin ƙananan motoci ba su yi nisa da wannan awo ba.

Ga yadda na ke yi a allo yanzu. In ja layin ƙasa, in jera da'ira bakwai bisansa da alli sama-sama. In ƙara wa ta biyu da ta shida ƙarfi, in ɗan tura ta gaba gaba kaɗan, in share sauran. Sa'an nan in ja jikin motar yadda saman kowace taya zai shige cikinsa, ba ta yi reto a ƙasa ba. Gilasai kuwa kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na tsayin. Ba ya cin minti biyu.

Zanen mota ta kusurwa, inda a ke ganin gaba da gefe tare, shi ne mai wuya. Sai ka fara da akwati, ka tuna layukan da suka nufi nesa matsowa juna su ke yi, kamar yadda gefen titi biyu su ke neman haɗuwa can gaba. Wani mutumin Italiya mai suna Alberti ya rubuta ƙa'idar wannan tun 1435, amma ni a bakin titin Akwanga na fahimce ta. Taya kuma in ka dube ta a karkace ba da'ira ba ce, siffar ƙwai ta ke ɗauka. Sauran abin lura shi ne tsayin idonka. Babban mutum in yana tsaye rufin ƙaramar mota yana ƙasa da idonsa kaɗan, sai ya gan shi siriri kamar tsinke. Don haka da na so in zana rufi sosai, sai da na hau bayan wata gingimari na leƙo. Nan na ga ashe rufin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ya lanƙwasa ta kowane gefe kamar bayan ƙwarya. Na riƙe wannan a raina ban san ranar amfaninsa ba.

Ranar ta zo da hutu. Wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya sayi ƙaramar mota irin ta Kwatano. Abokinsa yana da wadda a ke buɗe rufinta, tasa kuwa babu. Sai ya je Abuja ya sayo tagar rufi ta gilashi cikin kwali, irin wadda a ke ɗagawa da hannu, tare da takardar awo da a ke mannawa bisa rufi a bi layinta a yanka. Ya ce mini, "Malam ƙarami, tun da an ce ka zama gwanin zane, kai za ka ja mini layi, ni in yanka." Na ce, "To, Yaya, amma ka bari mu ga abin da ke ƙarƙashi tukuna." Muka sassauta silin ɗin motar muka leƙa da tocila. Sai ga wani ƙarfe ya gitta daga ginshiƙin tsakiya na dama zuwa na hagu, daidai inda ƙarshen tagar zai faɗa, ga kuma wayar fitilar ciki ta bi ta gefensa.

A nan ya kamata in yi bayani. Gingimari tana da shasi, watau manyan ƙarafa biyu da ke ɗauke da nauyi duka, kafinta ya gina bodin katako a bisa. Ko ka cire bodin nan ɗungum, mota tana nan da ƙarfinta. Ƙaramar mota ta zamani ba haka ta ke ba. Ba ta da shasi dabam, jikin nan nata shi ne ƙashinta, ƙasa da ginshiƙai da rufi duk an haɗe su da walda sun zama abu guda. Kamfanin Citroën na Faransa yana cikin na farkon da suka yi irin wannan gini da yawa, a 1934. Fallen ƙarfen rufin kaurinsa bai kai milimita 1 ba, lanƙwasar nan da na gani ita ta ba shi tauri, ƙarafan da suka gitta ƙarƙashinsa kuma su ne azararsa. In kana so ka nuna wa yara, ɗauki kubon ashana ka murɗa, ka ji ya ƙi. Yanke masa sama ka sake murɗawa, sai ka ji ya yi laƙwas. Ƙaramar kafa tsakanin azara da azara ba ta yin ɓarna mai yawa. Amma wanda ya datse azara ya rage abin da zai tare rufi ran da mota ta ƙwace ta kife, Allah ya kiyaye. Waɗansu motoci kuma suna da jakar iska ta kare kai a naɗe a gefen rufin, ba wurin kai ƙarfe ba ne.

Sai Yaya ya ce, to, ta abokinsa fa? Ita tun a masana'anta aka yi mata wurinta, aka kewaye bakin kafar da ƙarfe mai ƙarfi. Har wa yau waɗanda suka ƙera ta sun san roba ba ta hana ruwa sarai, saboda haka suka sa wani faranti a ƙarƙashi mai tare ruwan, da 'yan bututu, galibi huɗu, da suka bi ta cikin ginshiƙai suka zubar ƙasa. Indararo ke nan, kamar na soro. Ƙurar hunturu takan toshe su, shi ya sa ruwan fari yakan jiƙa masu irin wannan mota. Mai ita sai ya yi yadda magidanci ke yi kafin damina. Ya buɗe tagar, ya share, ya tsiyaya ruwa da buta a kusurwa, ya duba ko ya fito bayan tayar gaba. In bai fito ba ya zura igiyar roba mai laushi, kada ya sa waya mai tsini ta huda bututun. Ta kwalin Yaya kuwa ba ta da indararo ko ɗaya, robarta kaɗai ce dogararta, rana irin tamu kuwa ba ta raga wa roba.

Ban ce ba a iya sa ta ba. Masu aikin sukan zaɓi fili tsakanin azaru, su auna tsakiyar rufi daga gefe biyu, su manna takardar awo, su huda 'yar kafa, su yanka da inji mai tsinke ƙarfe a hankali ba da wuta ba, gama zafi yakan lanƙwasa fallen ya ƙone fenti. Su goge bakin, su shafa masa fentin hana tsatsa, sa'an nan su matse shi tsakanin firam na sama da na ƙasa. Kuskuren alli da tsumma a ke share shi, amma wanda ya wuce layi a nan da rabin inci sai dai ya nemi sabon rufi.

Ni dai a ganina ma abin ba namu ba ne. Mutanen Ingila da Jamus rana su ke nema, ba ta taɓa tsayawa bisa kansu ba ko da tsakar bazararsu. Keffi kuwa ba ta kai digiri 9 arewa da tsakiyar duniya ba, sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana takan tsaya cak bisa ƙoƙon kai da tsakar rana har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Amfani ɗaya na yarda da shi, in an ɗaga bayan tagar iska mai zafi takan fice ta sama.

Muka kai motar wurin wani fanalbita, na nuna masa zanen da na yi na cikin rufin, da awon tagar a kai. Ya duba ya ce, "Ai wannan ƙarfen ba kome, Alhaji, sai mu datse shi." Na ce, "Yaya, motarka ce, amma ni hannuna ba zai ja layin nan ba." Muka gwada matsar da takardar gaba, sai ta hau wurin madubi da fitila. Yaya ya yi shiru, ya naɗe takardarsa, muka komo gida ba mai ce wa wani uffan. Ya mayar da tagar aka karɓa da ragi, ya yi mako biyu yana amsa gaisuwata da ka.

Da zangon nan ya kama na koma makarantar nan in gai da Hedimasta, sai na tarad da yaran sun shiga aji huɗu, malaminsu bai iso ba. Na ɗauki alli na jera da'ira bakwai, na ja jiki, na sa gilasai. Kafin in juyo yarinyar nan ta ce, "Fijo ce, Malam, amma ba ka sa direba ba." Zanen mutum kuwa har yanzu ban fara koyonsa ba.