Wa za ka bar wa mabuɗin shago in ka tafi sari?

Duk ɗan kasuwar da Allah Ya buɗa wa har ya kafa shago nasa na kansa, akwai ranar da tafiyar sari za ta kama shi zuwa Damagaram ko Maraɗi ko Kano, ya tsaya yana tunanin wanda zai bar wa mabuɗi. Haka ita ma mai tuwo ko mai kayan miya, ranar da suna ko rasuwa ta tashi a dangi, dole ta bar wata a bakin tukunya da jakar kuɗi. A shirin kasuwa da muke gabatarwa a gidan rediyo, babu kukan da masu saurare suka fi kawo mana kamar wannan: jari ya samu, ciniki ya buɗe, amma an rasa hannun da za a amince wa.

Maganar ta ƙara nauyi a nan Agadas saboda yadda hanyoyin cin abinci suka yi ta sauyawa. Baƙi ƴan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa tun tawayen 2007. A 2014 zinariya ta bayyana a Jado, samari suka yi can. Dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure, ta ajiye direbobi da yawa, kafin a soke ta a watan Nuwamban 2023. A 2021 kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akokan, ɗaruruwan ma'aikata suka koma gida. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ɗan abin da suka tara suka zuba a sabuwar sana'a, wani shagon kayan salula, wani gidan abinci, wani sarin albasa da dankali daga lambunan Abzin. Irin wannan jari ba ya jure asara sau biyu, domin babu wani a bayansa.

Wani mai saurarenmu ya ba mu labarin yadda ya dawo daga wurin haƙar zinariya da kuɗinsa, ya buɗe shagon salula, ya ɗauki wani saurayi mai takardar lakol, mai iya Faransanci da latsa kwamfuta. Bai tambayi kowa halin yaron ba, bai san gidansu ba. Kafin wata biyar kaya sun ƙare a kanta, kuɗinsu kuma babu. Da muka tambaye shi abin da ya ja shi ga yaron, sai ya ce iya magana. To, lissafi da sanin farashi abu ne da yaro mai hankali zai koya cikin ƴan makonni. Hali kuwa zanen dutse ne, da shi mutum yake zuwa.

Kakanninmu sun san haka tun kafin mota ta zo. Ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin bayan damina, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiya ce ta ɗaruruwan kilomitoci da raƙuma, ana kai hatsi a dawo da kantun gishiri da dabino. Wanda bai samu zuwa ba yakan haɗa raƙuminsa da kayansa a hannun wani, babu takarda babu sa hannu. Shi kansa madugu, ban da sanin hanya da taurari, sai an shaide shi da haƙuri da adalci, domin a wurin da ruwa yake a ƙidaye, mai son kai ɗaya ya isa ya halaka ayari. Haka maƙeran azurfa na cikin tsohon gari: sai yaro ya daɗe yana hura wuta da goge kaya ana kallon hannunsa da idonsa, kafin a bar shi da azurfar mutane.

A Kano ma, Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma, da fataucin goro ya fara, ya kuma bunƙasa da sayen gyaɗa ta hannun yaransa da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka. Dukiya irin wannan ba ta taruwa sai da mutanen da za a ba jaka su tafi su dawo da ita cif. Kuma kowa ya san Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, saboda gaskiya da riƙon amana ta danƙa wa Manzon Allah (SAW) dukiyarta zuwa Sham.

To yaya ake gane hali? Tsofaffin ƴan kasuwa da muka zanta da su a babbar kasuwa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ba a miƙa mabuɗi ranar farko. A fara aiken yaro da jikka guda a ga yadda canji zai dawo. A lura da yadda yake karɓar yarinyar da aka aiko sayen magi na dala biyar, da tsohuwar da ke taya kaya tana jan ciniki, domin wanda ya wulaƙanta ƙaramin mai saye zai kore maka babba. A duba ko yana faɗin kuskurensa da bakinsa in ya fasa kwalba ko ya yi ɓatan lissafi. Sannan a je gidansu, a san ubansa ko wani dattijon unguwa da zai tsaya masa. Wata mai gidan abinci a bakin tasha ta ce mana ita ba ta ɗaukar yarinya sai ta tambayi inda ta baro da dalilin barowarta.

Akwai kuma maganar dangi. Da yawa cikinmu ɗan yaya ko ɗan ƙane muke sa wa a shago don zumunci, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗora shi ba tare da gwajin da za a yi wa bare ba, in ya yi ɓarna kuma kunya ta hana magana, a tashi babu jarin babu zumuncin.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani ɗan kasuwar hatsi ya taɓa kawo mana ƙarar yaronsa cewa yana tauye shi. Da hira ta yi nisa sai ga shi shi da kansa ya koya wa yaron ajiye tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Yaron da ka koya wa cutar mai saye, ranar da babu mai saye kai zai cuta. Kowane shago da irin tarbiyyarsa, kuma daga maigida ko uwar ɗaki take saukowa. Yara biyun farko da ka ɗauka su ne za su koya wa na uku da na huɗu yadda ake yi a nan, ko gaisuwa da cika mudu, ko zagi da algus.

Amanar kuma ta ɓangare biyu ce. A yanke wa yaro ladansa tun farko, na wata ne ko kaso ne cikin riba, a biya shi a kan lokaci. Kar a tsawata masa gaban masu saye. In ba shi da lafiya a duba shi. A ajiye kaye ana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita da bashin da aka bayar, a zauna a yi lissafi tare duk mako, domin rubutu yana kare mai gaskiya daga zargi kamar yadda yake tona mai ha'inci. Uwa uba, kar a manta da al'adarmu ta sallama, wato yaron da ya yi shekaru yana bauta a ware masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Saurayin da ya san akwai wannan rana a gabansa ba zai yi saurin jefar da mabuɗi ya hau motar masu neman zinariya ba, kuma gobe shi ne abokin cinikinka da zai riƙa sari a hannunka.

Saboda haka ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, kafin a sayi kanta da firji a cika shago da kaya, a ɓata lokaci wajen zaɓen wanda zai zauna a ciki, mu kuma gyara namu halin da zai kwaikwaya. Allah Ya haɗa mu da masu amana, Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.