Baƙo a Gulbin Rima: Ma'aikacin Kirista da Sanin Masu Gida

Wanda ya bar Sakkwato ya bi gulbin Rima ta Wurno har Goronyo, ya ratsa ƙasar da Musulunci ya daɗe da kafuwa a cikinta. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Rabah da ke kusa kuma ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. A Goronyo aka datse Rima, aka kammala madatsar a 1984, tana ba Sakkwato ruwan sha, tana shayar da fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa. Kiristocin yankin ba su da yawa, kuma akasarinsu aiki ne ya kawo su: ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, masu yi wa ƙasa hidima, 'yan kasuwa, sai fastocin da ke kula da su. Abin da tarihi ya nuna game da zaman irin waɗannan baƙi shi ne, iya Hausa kaɗai bai isa ba. Tushen fahimta shi ne baƙo ya yarda cewa masu gida suna da iliminsu, har ma sun riga shi yin nazari a kan addinin da ya zo da shi.

Hujja ta farko ta girmi zuwan 'yan mishan. A 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya gana da Muhammadu Bello a Sakkwato, sai Bello ya tambaye shi wace ƙungiya yake bi cikin ƙungiyoyin Nasara, har ya ambaci sunayen wasu tsofaffin ɗariƙunsu. Clapperton, wanda jami'in sojan ruwa ne, shi da kansa ya rubuta cewa tambayoyin sun fi ƙarfin saninsa. Ke nan malaman wannan ƙasa sun san Annabi Isa da Maryamu da Linjila, sun san inda suka saɓa da Kirista. Wanda ya zo da zaton zai tarar da mutanen da ba su taɓa jin komai ba, ya soma da raini, raini kuwa ba ya ɓoyuwa ko da murmushi. Haka ta faru a 1900 lokacin da Bishop Tugwell da ayarinsa suka shiga Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A cikin ayarin akwai Dokta Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a Zariya, ya laƙanci Hausa ƙwarai, ya kuma yi babban aiki a kan Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Duk da haka kaifin harshensa a kan sarakuna bai bar shi ya samu amincewar fada ba, kuma a 1929 aka mayar da mishan ɗinsa Wusasa, bayan ganuwar birni.

Inda ƙofa ta buɗe a lardin Sakkwato kuwa, ta hanyar jinya ce. Gwamna Lugga ya yi alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, saboda haka aka daɗe ana hana 'yan mishan shiga masarautu. Sai a ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka yarda mishan ɗin SIM ta riƙe wuraren jinyar kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Mai wanke gyambo kullum dole ya koyi abin da littafi ba ya koyarwa. Ma'aikaciyar lafiya ta yau ma haka take koya: ta tsaya a zaure ta yi sallama, ta jira mai gida ya yi mata iso, ta gaida tsohuwa kafin ta tambayi mai jego, ta miƙa magani da hannun dama, ta san cewa cikin azumi mai ciwo zai tambaye ta ko allurar za ta karya masa azumi. Idan an yi rasuwa ta je gaisuwa, idan an yi suna ta kai barka.

Musulmi zai ce, ai wannan duk tarko ne, ana koyon al'adarmu don a raba mu da addininmu. Wannan zargi ba daga sama ya faɗo ba. An yi ta ƙorafi a kan wa'azin da ake yi wa majinyata da 'ya'yansu a waɗancan wurare, domin wanda cuta ta kai shi hannunka ba shi da ƙarfin ce maka a'a. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne ƙarancin fahimta, ba yawanta ba, don wanda ya san darajar amana a wurin Bahaushe ba zai sa magani ya zama farashin sauraron wa'azi ba. Ta ɗaya ɓangaren, wani Kirista zai ce yawan lallashi ɓoye imani ne. Shi ma bai duba da kyau ba. Mutanen Rima ba su cika ganin girman mai ɓoye addininsa ba, sun fi sakin jiki da wanda suka san inda ya tsaya, muddin bai zagi abin da suke girmamawa ba.

Misali mafi kyau na baƙon da ya yarda da sanin masu gida ya fito ne daga Maraɗi ta Nijar, wadda gulbinta ke zubawa cikin Rima. Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, in aka rage tohonsu aka bar 'yan rassa masu ƙarfi sai su zama itace. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoman Afirka, kuma ta yaɗu ne da manoma suka ga itacen nasu ne, suna samun makamashi da abincin dabbobi. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma yawancin waɗanda suka amfana Musulmi ne, suna nan a Musuluncinsu.

Gabashin Sakkwato na cikin wahala yanzu. Ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasan madatsar Goronyo, 'yan bindiga kuma sun kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. A irin wannan hali mai gida yana lura da wanda ya zauna tare da shi, da wanda ya tattara kayansa. Duk cocin da za ta turo ma'aikaci wannan yanki, ta fara koya masa tarihin Wurno da ladabin zaure kafin ta ba shi mumbari.