Daga Gombe Zuwa Dadin Kowa a Kan Keke

'Yan uwa mazauna Legas da Fatakwal, in kun zo gida hutu, ga shawarata: ku gwada hawa keke daga Gombe zuwa Dadin Kowa, kusan kilomita 40. A Turai akwai hanyoyin keke zalla, mu kam titin Biu za a bi, tare da tireloli. Shi ya sa nake cewa a fita da sassafe, kafin motoci su yi yawa. Za ku wuce dajin Kanawa, ku iske madatsar ruwan kogin Gongola, ga Dutsen Bima tsaye. Disamba ta fi daɗi, amma ku sa riga mai haske saboda hazo. Ku riƙe ruwa, famfo da faci, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai.