Kujerar gaba da ta baya a jirgin sama: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya shiga mota a tashar Jega ya san gidan gaba kuɗinsa daban ne. Haka abin yake a jirgin sama, sai dai can lissafin ya fi zurfi.

Me ya sa kamfani ɗaya yake da suna biyu?

Babban kamfanin jiragen sama yakan buɗe ƙaramin kamfani, ya ba shi suna da fenti daban, ya ware shi don masu tafiyar hutu da ziyara. Su daga aljihunsu suke biya, don haka farashi suke fara dubawa. Kamfanin Saudia yana da flyadeal, wanda ya fara tashi a 2017. Lufthansa na Jamus yana da Discover Airlines. Ta haka uwar kamfanin take samun kuɗin mai neman araha, ba tare da ta karya farashinta a idon manyan 'yan kasuwa ba.

Yaya ake jera kujerun?

Ku dubi mai lodin albasa a Aliero: ba ya barin ko taƙi ɗaya na babbar mota a banza. Kamfanin jirgi ma haka yake auna cikin jirginsa. A ajin gama-gari, wanda ake kira ikonomi, tazarar kujera da ta gabanta takan kai santimita 76 zuwa 81. Jiragen araha sukan rage ta, su ƙara layuka. Akwai aji na tsakiya mai tazara kusan santimita 97, inda ƙafa take miƙewa. Sai ajin bizines a gaba, wanda a doguwar tafiya kujerarsa takan kwanta ta zama gado, tana cin wurin mutum kusan uku. Dalilin tsadarta ke nan.

Kuna iya cewa jirgin araha ba shi da aminci. A'a, dokokin kiyaye lafiyar jirgi ɗaya ne. Jin daɗi ake ragewa.

Wa abin ya shafa?

Ya shafe ku. A watan Mayu na 2024, jirgin farko na alhazan Nijeriya na wannan shekarar ya tashi daga filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, kuma na flynas ne, wani kamfanin araha na Saudiyya. A aikin hajji hukuma ce take raba jirage, amma a umara zaɓi yana hannunku. Zaman awa huɗu ko biyar a matse ba wasa ba ne ga tsohuwa daga Maiyama mai ciwon gwiwa.

Nawa za ku kashe?

Tikitin araha sau da yawa bai haɗa da jaka, abinci da zaɓen kujera ba, kowanne da kuɗinsa. Kafin ku biya ejan, ku tambaye shi sunan kamfanin da zai ɗauke ku, kilo nawa aka ba ku, da kuɗin kujera mai faɗi. In da dattijo za ku tafi, ku nema masa kujerar bakin hanya.