Lambobi Biyu a Jikin Shishar Lantarki

Bagudo ƙasar bakin iyaka ce. Ta Tsamiya ake ratsawa zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, ta Lolo kuma a nufi Malanbil. Kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sun saba biyo irin waɗannan hanyoyi, kuma abin da ke shiga aljihu ba ya wuyar ƙetarewa. Cikin kayan zamanin da ke jan hankalin samari akwai shishar lantarki, wadda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003. Idan ta zo ta hannun wani, ba kwali ba takardar bayani, sai ka ga mai ita yana ta ƙara mata wuta don hayaƙi ya turnuƙe, bai san abin da yake zuƙa ba.

A cikinta akwai batir, da tankin ruwa mai ƙamshi da nikotin, da ƴar waya naɗaɗɗiya da ake kira koyil, kewaye da auduga. Wuta ta ratsa wayar, ta yi zafi, ruwan da auduga ta tsotso ya zama tururi. Lambobi biyu ke juya wannan aiki. Ta farko om ce, wato gwargwadon yadda wayar ke tirje wa wuta. Ta biyu wat ce, ƙarfin wutar da mai na'ura ya saita a ɗan allon jikinta.

Ƙarancin om shi ne yawan jan wuta. Da batir mai bolt 4, koyil mai om 1.6 wat 10 kawai zai ci, amma mai om 0.2 sai ya lashe wat 80. Shi ya sa koyil ɗin da ya haura om ɗaya akan bar shi wajen wat 8 zuwa 15, wanda bai kai ɗaya ba kuma yakan nemi fiye da haka. Kamfanoni na zana iyakar kowane koyil a jikinsa da ƙananan baƙaƙe. Wanda ya riga ya faɗa harkar, ya juya koyil ɗin a haske ya karanta, ya fara daga ƙasan iyakar, kada kuma ya haura ta. In koyil ɗin sabo ne, a ɗiga wa audugar ruwa a bar ta ta jiƙu na ƴan mintoci.

Me zai faru in an zarce? Abin da ke samun tukunyar da ruwanta ya ƙone a kan wuta. Wayar za ta busar da auduga ta babbaka ta, a ji ƙauri da ƙaiƙayi a maƙogwaro. Cire koyil ɗin ka duba: audugar da take fara ta koma baƙa ƙirin, ga dauɗa ta daskare a wayar. A irin wannan zafi ruwan kan rikiɗe ya fitar da sinadarai masu guba, cikinsu har da fomaldihaid mai haddasa ciwon daji, kamar yadda masu bincike a Jami'ar Jihar Portland ta Amurka suka nuna a 2015. A 2018 kuma masanan Jami'ar Johns Hopkins sun gano dalma da wasu ƙarafa a tururin.

Sai batun nikotin. Ruwa mai miligiram 20 zuwa sama an yi shi ne don ƙaramar wuta. Zuba shi a na'ura mai wat 60 na jawo jiri, tashin zuciya, gumi da bugun zuciya. Ga kuma batir. Koyil mai ƙarancin om yana tatsar batir sosai, kuma a zafin Maris da Afrilu, jabun batir ko wanda ledarsa ta yage, in ya haɗu da makulli ko tsaba a aljihu, yana iya kamawa da wuta. Kada a bar shi a kan babur cikin rana, kada a kwana ana cajinsa.

Sai dai a sani, saiti mai kyau rage cuta yake yi, ba ya kawar da ita. Nikotin na kama mutum ya kasa bari, kuma yana illa ga ƙwaƙwalwar matashi da ɗan tayi a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe a Disambar 2023 da su gaggauta tsaurara matakai a kan waɗannan na'urori. Iyaye da malamai su gane siffarta, don wata kamar biro take, ƙamshinta kuma na mangwaro ne ko na'a-na'a. Wanda bai fara ba, kada ya soma. Wanda ya fara, ya je asibiti ya nemi shawarar yadda zai daina, don rigakafi ya fi magani.