Nelly Chatue-Diop: 'yar Kamarun da karyewar sefa ta kai ta ga kuɗin kirifto

A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, magidanta daga Duwala har Garwa suka wayi gari ajiyarsu ta zaftare. Iyayen Nelly Chatue-Diop na cikin waɗanda abin ya shafa, kuma ta sha faɗin cewa wannan ne ya ja hankalinta ga harkar kuɗi.

Ta yi karatun injiniya a Faransa, ta yi aiki a kamfanonin Darty da Betclic, sannan a 2020 ta kafa Ejara a Duwala. Manhajar waya ce da ake sayen bitcoin da ire-irensa, kuma mabuɗin asusun yana hannun mai kuɗin. Idan kamfani ya durƙushe, kamar yadda FTX ya yi a Nuwamban 2022, ba zai tafi da dukiyar mutum ba. Amma wanda ya ɓatar da kalmomin sirrinsa, to sai dai haƙuri. A wannan watan ne kuma Ejara ta samu jarin dala miliyan 8.

Dillalin kifi a Lagdo da ya saba da Orange Money ko MTN MoMo ya kamata ya gane bambancin. A can sefa ce ke ajiye, jaka ɗaya tana nan jaka ɗaya. Bitcoin kuwa farashinsa na iya faɗuwa cikin dare guda, kuma tun watan Mayun 2022 hukumar COBAC ta hana bankuna da kamfanonin biyan kuɗi na yankin mu'amala da shi.